Jar Dawa Mai Bauri: Tsami, Surfe, Kanwa Ko Tsiro?

Da kakar bana kawunmu ya aiko wa ƙanwata buhun dawa daga gonarsa ta wajen Gwadabawa, saboda ɗanta ya shiga wata na takwas, an fara ba shi kunu. Dawa ce ja jawur, ƙwaya cike, ba ƙwaro ba tsakuwa. Sai dai da ta jefa 'yan ƙwayoyi a baki ta tauna, harshenta ya ɗaure kamar ta ci ɗanyar kanya. Kafin la'asar shawara ta iso mata daga gida uku. Inna ta ce, "Wagga dawa sai ta kwana biyu cikin ruwa, tsami shi ka kashe bauri." Surukarta ta ce a jefa mata kanwa, haka suka taso suka ga ana yi. Maƙwabciyarta kuwa ta ce duk wannan wahala ce, ta jiƙa tsamiya ta dama, cikin rabin awa yaro ya sha. Da dare ta kira ni: "Yaya, kai da ka karanci ƙananan halittu, wacce zan bi?"

Amsar da na ba ta ita ce zan shimfiɗa a nan, domin gidajen da ke da irin wannan buhun a ɗaki suna da yawa a Sakkwato, kuma kowace daga cikin matan nan uku tana da gaskiyarta, sai dai ba gaskiya ɗaya ba ce.

Basakkwace ba ya buƙatar a kai shi ɗakin gwaji kafin ya san tanin. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin majema ya ga yadda ake daka 'ya'yan bagaruwa, a jiƙa, a tsoma fatar jar akuya a ciki. Ɗanyar fata abu ce mai ruɓewa cikin 'yan kwanaki, amma idan ta sha bagaruwa sai ta shekara da shekaru ba ta yi komai ba. Ita ce fatar da a zamanin da ayari ke ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga ƙasar nan ta fito. Abin da ke yin wannan aikin a cikin bagaruwa shi ne tanin, kuma sana'arsa guda ce: ya kama furotin ya ɗaure shi tam. Idan ka tauna goro ko ka kurɓi shayin da ya daɗe a kan wuta, tanin ne ke kama furotin ɗin da ke sa yawu santsi, santsin ya tafi, bakin ya yi kaushi. Shi muke kira bauri. A cikin ciki ma haka yake yi. Yana kama furotin na abinci, yana kama sinadaran da hanji ke narkar da abinci da su, sannan yana riƙe sinadarin ƙarfe wanda jiki ke gina jini da shi.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna. Babban binciken lafiya da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, mata masu shekara 15 zuwa 49 kuma kashi 58. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu kason a ciki, babu musu. Amma yaron da kusan duk abincinsa bayan nono kunu ne, abin da kunun nan ya riƙe ya hana shi ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin a zaɓi hanya, sai an tabbatar dawar tana da tanin ɗin ma tukuna, domin a nan mutane da yawa ke kuskure. Ba kowace jar dawa ke da shi ba, kuma ba kowace fara ce ta kuɓuta ba. Ƙwayar dawa tana da riga, wato ɓawon waje mai launi, wasu irin kuma suna da 'yar ciki a ƙarƙashin rigar, wata siririyar fata mai ruwan ƙasa ko shunayya-shunayya. A wannan 'yar cikin tanin yake zaune. Dawar da ba ta da 'yar ciki mai launi ba ta da tanin, ko da jarta ta kai ta garwashi. Jan launi wani sinadari ne daban, dangin wanda ke cikin karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Kaura galibi ba ta da bauri, haka yawancin farafara, shi kuwa gero ba ya cikin wannan lissafin kwata-kwata, nasa matsalolin daban ne. Gwajin mai sauƙi ne. Ka samu reza ko wuƙa mai kaifi ka kankare rigar ƙwaya goma a hankali. In ka tarar da fari ko rawaya kai tsaye, babu 'yar ciki. In ka tarar da wani shimfiɗi mai duhu kafin farin, ga shi nan. Harshe ma shaida ne, kamar yadda ya yi wa ƙanwata.

Kada kuma wani ya zargi manomin da ke shuka irin wannan. Kawu yana shuka ta ne da sani: tsuntsayen jan baki ba sa son ta tun tana ruwan nono, kuma ta fi jure fumfuna idan ruwan ƙarshen damina ya same ta a kai. Wanda ya taɓa ganin garken jan baki ya sauka a gona zai fahimci dalilinsa.

To, shawarar Inna. Idan aka jiƙa hatsi, aka markaɗa, aka bar ƙullu ya kwana, ba kwanciya kawai yake yi ba. Akwai bakteriya a jikin hatsin, a jikin ƙwarya da hannun mai aikin, waɗanda ke cin sukarin da ke ciki suna fitar da tsami, irin tsamin da ke cikin nono da kindirmo. Ana kiransu bakteriyar tsamin nono. Su ne ke yin gasarar kokonmu, su ke yin ogi a ƙasar Yarabawa, da kisra a Sudan, da injera a Habasha. A cikinsu akwai wata da ta yi suna a kan maganar tanin, Laktobasilus filantarum. A shekarar 2000 masu bincike a Japan suka ware ta, tare da 'yan'uwanta biyu na kusa, daga abincin da aka tsima da kuma hanjin mutane, suka nuna cewa tana ɗauke da wani sinadari mai suna tanez wanda ke yanka tanin kamar almakashi. Idan ta yanka, sai asid ɗin galik ya fito, ta sake cire masa wani yanki ya koma wani ƙaramin sinadari, a nan aikinta ya tsaya. A 2020 masana sun rarraba dangin Laktobasilus zuwa gida 25 suka sauya wa da yawa suna, amma a bakin yawancin masu aikin tsohon sunan ne har yau. Ko akuya ma tana da irin waɗannan mataimaka: a Ostareliya an samu wata bakteriya mai jure tanin a tumbin awakin daji masu kiwon itatuwa dangin bagaruwa.

Labari mai daɗi, kuma shi ne ya sa ake ta yaɗa cewa tsami yana cinye tanin. Amma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma a kansa duk zaɓin ya rataya. Tanin iri biyu ne. Na farko ɗinki ne: akwai sukari a tsakiya, an ɗinka masa asid ɗin galik kewaye da shi, almakashin tanez kuwa zaren nan yake bi ya warware. Irin wannan ɗinkin yana da yawa a bagaruwa, akwai shi kuma a wasu sinadaran ganyen shayi, shi ya sa masana'antun shayin kwalba ke amfani da tanez don kada shayinsu ya yi gurɓi idan ya huce. Na biyu walda ne: sarƙa ce doguwa da aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, babu zaren da almakashi zai kama. Tanin na dawa wannan na biyun ne. Filantarum za ta iya kwana uku a cikin ƙullun jar dawa ba tare da tanez ɗinta ya tsinka sarƙar nan ba. Ko a tanin mai ɗinki ma, abin da ke raguwa bauri ne, domin asid ɗin galik da ya fito shi ma yana riƙe ƙarfe.

Amma ai Inna ba ƙarya take yi ba, kokon da ya kwana ya fi wanda bai kwana ba daɗin baki, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna tanin da ake iya aunawa yana raguwa bayan tsami. Ina ya tafi? Wani ya fita a ruwan jiƙo da aka zubar. Wani ya zauna a dusar da ta rage a cikin mataci lokacin tata. Wani kuma ya manne da furotin na dawar, har ma'auni ya kasa ganinsa, harshe ma ya daina jinsa, alhali yana nan. Kashi biyun farko riba ce ta gaske. Na ukun ɓuya ne kawai.

Duk da haka na ce wa ƙanwata kada ta bar tsami, don amfaninsa na gaskiya ya fi wanda ake yaba masa girma. Na farko tsaro ne. Ƙullun da ya yi tsami sosai yana sauka zuwa 4 ko ƙasa da haka a ma'aunin tsami na pH, wanda adadinsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, a nan kuwa yawancin ƙwayoyin da ke kawo gudawa ba sa iya hayayyafa. A garin da ake wuce digiri 40 a watan Afrilu, wuta kuma ba ta tsayawa balle a dogara da firji, wannan ba ƙaramar kariya ba ce. Na biyu narkewa. Dawa tana da wani hali da ya bambanta ta da sauran hatsi: idan aka dafa ta da ruwa, furotin ɗinta yakan ƙulle ya ƙi narkewa, ko da babu tanin ko kaɗan. A 1981 an buga wani gwaji da aka yi da ƙananan yara a ƙasar Feru, inda jikinsu ya karɓi kashi 46 cikin ɗari kacal na furotin ɗin dawa, alhali na alkama ya kai 81. Da aka sake gwadawa daga baya da nasha, wani kunun dawa mai tsami na mutanen Sudan, adadin ya tashi sosai. Na uku shi ne fayitet, ɗan'uwan tanin a wajen riƙe ƙarfe, wanda ke cikin kowane hatsi har da gero. Hatsi yana da nasa sinadarin da ke rushe fayitet, amma ba ya tashi aiki sosai sai ruwan ya ɗan yi tsami, wajen 5 a ma'auni, kuma ƙullun da ke tsima dole ya bi ta wannan matakin. Dawa da gero da masara ba su da wannan sinadarin da yawa, alkama ce ke da shi a wadace. Shi ya sa nake son a watsa tafi ɗaya ko biyu na ɗanyar alkama da ba a surfa ba a cikin kowace tiya kafin a kai inji, a kuma bar ƙullun ya yi 'yan awanni kafin a tace.

Ga inda maganar ta ƙulle. A 2003 an buga wani gwaji da masana daga Suwizalan suka jagoranta, aka cire fayitet gaba ɗaya daga kunun hatsi iri-iri, aka ba mutane, aka auna ƙarfen da ya shiga jikinsu. A shinkafa da masara da alkama da dawa marar tanin, ƙarfen da jiki ya samu ya ƙaru. A dawa mai tanin da yawa kuwa, babu abin da ya canza. An buɗe ƙofa ɗaya, ɗayar tana nan a kulle. Ma'ana, ga farar dawa ko kaura ko gero, tsami kaɗai ya yi babban aiki. Ga dawa irin ta kawu, tsami kaɗai bai isa ba.

Abin da babu wadda ta ambata cikin matan uku, wataƙila don ya zama jiki har ba a ganinsa a matsayin dabara, shi ne surfe. Tunda tanin a 'yar ciki yake, kuma 'yar ciki a bayan ƙwaya take, turmi da taɓarya suna yin abin da bakteriya ta kasa: su tuɓe rigar da 'yar cikin, faifai ya bakace, ruwa ya wanke saura ya tafi a ƙasari. Babu wani sinadari da aka rushe, an dai fitar da shi daga gida. A cikin duk hanyoyin nan, surfe ne kaɗai za ka ga sakamakonsa da idonka, domin ƙwayar da ta surfu za ta yi haske, wadda ba ta surfu ba za ka ga ɗigon duhu a jikinta. Yana da tsadarsa. Dawa mai tanin sau da yawa cikinta gari-gari ne, ba ta da taurin kaura, don haka tana farfashewa a turmi ko a injin surfe, a yi asarar kaso mai yawa cikin dusa. Sannan dusar nan ba tanin kaɗai ta ɗauke ba, ta tafi da wani ɓangare na ƙarfen, da bitamin, da mai. Duk da haka ƙarfe kaɗan da jiki zai iya ɗauka ya fi mai yawa da aka ɗaure. Dabarar rage asara ita ce a yayyafa ruwa kaɗan, a bar ta ta yi minti goma rigar ta yi laushi cikin bai jiƙe ba, a surfa sau biyu a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Dusar kuma a ba awaki, kada a zuba wa kaji da yawa, domin tanin yana hana 'yan tsaki girma.

Sai kanwa. In ana maganar kashe bauri zalla, surukar ƙanwata ta fi kowa gaskiya. Kanwa da toka suna sauya tanin mai walda ta hanyar da tsami ba ya iyawa: sarƙoƙin suna haɗuwa da iska su dunƙule da juna, har su rasa hannun kama furotin. A Yuganda da maƙwabtanta, inda dawa mai tanin ce abincin yau da kullum a wasu yankuna, tsohuwar al'ada ce a cuɗa ta da jiƙaƙƙiyar toka kafin a sarrafa ta, kuma bincike ya tabbatar da cewa hakan yana aiki. Matsalar ita ce abin da kanwa ke karɓa a madadin. Tana lalata bitamin B1. Ba ta bar wa kunu kariyar tsami, don haka kunun kanwa da ya wuni a zafin Sakkwato ba abin ba yaro ba ne. Ƙarfe ya fi narkewa a ruwa mai tsami, a ruwan kanwa kwanciya yake yi. Sannan kanwa, duk da wasu na ɗaukarta dangin toka, mafi yawanta sodiyam ne, irin wanda ke cikin gishiri. Ƙodar jariri ba ta kai ɗaukar wannan nauyin ba, mai hawan jini ma haka. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa, haɗe da wankan jego mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ba na cewa a kori kanwa daga madafi. Ɗan ƙanƙane a ruwan tuwon manya yana da wurinsa. Ga kunun ɗan wata takwas dai, a'a. Kuma kada a haɗa ta da tsima a tukunya ɗaya, domin kanwa tana kashe tsamin da bakteriya ke haɗawa, a tashi ba a samu ko ɗaya ba.

Tsamiya ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Tana ba da ɗanɗanon tsami nan take, tana haskaka kunun gero ya yi fari, kuma kunun tsamiya abin so ne, balle da azumi. Amma tsamin aro ne. Babu bakteriyar da ta yi aiki, babu awannin da fayitet ke buƙata kafin ya rushe, tanin kuwa ko gezau. Baurin ma rufe shi ta yi da nata ɗanɗanon. Bitamin C, wanda shi ne ke iya ƙwato ƙarfe daga hannun tanin, kaɗan ne a tsamiya. In don wannan ake nema, lemun tsami ko gwaiba ko garin 'ya'yan kuka sun fi ta nesa ba kusa ba.

Akwai kuma tsiro, wanda ma'aikatan abinci mai gina jiki ke yawan koyarwa. A jiƙa hatsi, a baza a kan jiƙaƙƙen buhu, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa kwana biyu zuwa uku har ya fito da tsiro, a shanya, a niƙa. Tsiro yana tayar da sinadarin rushe fayitet, amma babban amfaninsa wani ne. Cikin ƙaramin cokali na garinsa, idan aka zuba a kunu mai kauri da ya ɗan huce, yana tsinka shi cikin 'yan mintoci. Wannan yana magance wata tsohuwar matsala ta koko: in ya yi kauri yaro ba ya iya haɗiya, in aka tsinka da ruwa cikinsa ya cika da ruwa. Da garin tsiro za a dama da gasara mai yawa, kunun kuma ya shawu. Bayan ya tsinke a mayar da shi wuta ya tafasa. Gargaɗi uku ne a nan, kuma ba na wasa ba. Tsiron dawa da saiwarsa suna ɗauke da gubar sayanayid, ita ce dai wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa mai kashe dabba, don haka bayan ya bushe dole a murje tsiron da saiwar a bakace su tas. Sannan hatsi mai laima a rufe gidan fumfuna ne, duk wanda ya yi kore ko baƙi a zubar. Kuma kada a yi garin tsiro da dawa mai bauri, tanin ɗinta zai ɗaure sinadarin da ke tsinka kunun. A yi da gero ko farar dawa.

In aka jera su, zaɓin ya danganta da bakin da zai ci. Ga jariri da aka fara ba abinci bayan wata shida, da mai ciki, da mai shayarwa, hanya mafi sauƙi ita ce a kauce wa dawa mai bauri gaba ɗaya idan da hali: a yi musu da gero ko kaura, a tsima, a bar jar dawar ga tuwon gida. Idan kuwa ita ce ke akwai, kamar yadda take a gidaje da yawa bayan kaka, to surfe tukuna, sannan tsami, a wannan jerin. Surfe ya ɗauke abin da tsami ba zai iya ba, tsami ya gyara abin da ya rage. Ga babban mutum mai ƙoshin jini da ke cin nama da ganye, baurin dawa ba abin tsoro ba ne. Mai ciwon suga ma yana iya samun amfani a ciki, domin tanin yana jinkirta narkewar sitaci, sukari ba ya hawa jini da gaggawa. Irin wannan mutumin bai kamata ya surfe dawarsa ta yi fari fat ba.

Wani abu da ke ba ni takaici shi ne a yi duk wannan hidimar, sannan a kawo shayi a kan abincin. Kofin baƙin shayi tare da abinci yana iya rage ƙarfen da jiki zai samu da fiye da rabi. Na sha ganin mai jego ta sha kunu ta bi shi da shayi mai kauri, wasu ma har jariri suke ɗura wa. A bar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu, jariri kuwa babu ruwansa da shayi.

Game da tsimar kanta, yanayin garinmu yana da ta cewa. Filantarum ta fi son wajen digiri 30, idan zafi ya doshi 45 sai ta ja baya, wata 'yar'uwarta mai suna famentum mai jure zafi ta karɓi filin. Duka biyun suna kawo tsami, bambancin a sauri yake. Da bazara, jiƙon yini ɗaya da kwanan ƙullu ɗaya sun isa, in aka ƙara sai ya zarce ya fara wari. Da hunturu kuwa sai ya kwana biyu, wani lokaci uku, kuma a wannan jinkirin ne miyagun ƙwayoyi ke samun sarari kafin tsami ya kankama. Maganinsa shi ne abin da tsofaffi ke yi, a ajiye ludayi ɗaya na ruwan tsamin gasarar da ta yi kyau a zuba a sabon ƙullu. Ruwan jiƙo na farko, mai ja, a zubar da shi, domin shi ne ya kwaso tanin. Ruwan da ya taru a kan gasara bayan ta kwanta shi ne iri. Gasara mai kyau ƙamshin nono take yi. In ta yi yauƙi, ko wari, ko wani launi ya fito a samanta, ba a ceto ta da tafasawa. Kokon yaro kuma kada a tsaya a sheƙa tafasasshen ruwa kawai, a mayar da shi wuta ya tafasa sosai. Wutar za ta kashe bakteriyar, amma ta riga ta gama aikinta.

Ƙanwata ta raba buhun gida biyu. Kaso mafi yawa ta bar shi na tuwo. Tiya uku ta kai aka surfa sau biyu, ta wanke har ƙasarin ya daina ja, take ɗiban ta kwana uku-uku tana haɗawa da gero rabi da rabi da tafin alkama. Tana jiƙawa da safe, ta zubar da ruwan ta kai inji washegari, ta tace da yamma, ta zuba ruwan tsamin da Inna ta aiko mata a kwalba, ta rufe bokitin a ɗaki saboda sanyin Disamba. Idan za ta dama sai ta sa cokalin ƙullun gyaɗa ko garin busasshen kifi, domin tata tana rage furotin, in ta sauke kuma ya huce ta matsa 'yan ɗigon lemu. Da Inna ta zo ganin jikanta ta karɓi ludayin ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ce, "Ɗiyata, wanga ya yi. In zahi ya taho ki rage mishi kwana guda."